Gayyar da Ba Mu Rama Ba

Ni tela ne, kuma ba don na fi kowa hankali aka ba ni shugabancin ƙungiyar samarin garinmu ba. Rumfata tana bakin hanyar da ke fita zuwa kasuwar Lolo, ga inuwar ɗorawa, ga randar ruwan sanyi, saboda haka duk saurayin da ya tsere wa aikin gidansu a gindin kekena yake wuni. Da maganar 'yancin kai ta kankama, aka ce kowane gari ya kafa ƙungiyar aikin gayya, ya fara yi wa kansa abin da yake jira a yi masa. Dattawanmu suka ce ai ba sai an wahala ba, tunda yaran can suke taruwa, a ɗora wa mai rumfar. Na ce musu ni mutum ne mai saurin fushi. Suka ce sun sani, shi ya sa.

Ban daɗe ba na gane fushi ba ya aiki a wannan harka. Mutumin da ba biyansa kake yi ba, ba ka da abin da za ka tsorata shi da shi. In ka daka masa tsawa sai ya saɓa fartanyarsa ya ce cikinsa na ciwo, kuma ba ka da ta cewa. Dole na koyi dabarun da ba a koya mini a wurin ɗinki ba. Kafin in kira yaro aiki sai na je na gaida ubansa, na roƙi aronsa kamar yadda ake aron jaki. Ba na sa aiki ranar kasuwa, ba na sa shi ranar da ake suna a wata unguwa. Samarin unguwar masunta da na unguwar manoma ba a haɗa su kwando ɗaya, amma in ka ajiye su kusa da juna, inda kowa ke hangen tulin ƙasar ɗan'uwansa, to ranar sai ka roƙe su kafin su tashi. Raggo kuwa ba a korarsa, tulu ake ba shi ya riƙa kai ruwa, ya ji da shi aka yi. Wanda ya kwanta ciwo da damina mukan je mu nome masa gonarsa ba tare da ya roƙa ba. Wannan na ƙarshe shi ya riƙe ƙungiyar fiye da duk surutuna, domin kowa ya gani da idonsa cewa in ya ba da ƙarfinsa, za a dawo masa da shi ranar da ya rasa nasa.

Mataimakina abokina ne tun muna yara. Tare aka yi mana kaciya, a tabarma ɗaya muka yi jinya. Yana da ɗan teburin tireda, sabulu da ashana da kananzir, ya taɓa zaman Bagudo wurin wani ɗan'uwansa, ya dawo da 'yan kalmomin Turanci da agogon hannu wanda ba ya tafiya. Allah ya ba shi baki. Maganar da zan faɗa a ji haushi, shi zai faɗe ta a yi dariya a tashi a yi aikin. In na ɓata wa wani rai da rana, shi ke bi da yamma ya gyara. Na yarda da shi yadda ban yarda da 'yan'uwana na ciki ɗaya ba, kuma a gaban kowa nake faɗin haka.

Babban aikin da muka sa a gaba shi ne ɗakin shan magani. An ce mana in gari ya gina ɗaki, za a turo malamin asibiti ya zauna. A lokacin, in haihuwa ta zo wa mace da gardama, ko maciji ya sari mutum, sai a ɗora shi a jaki ko a jirgi a kama hanya, da yawa kuma a hanyar ake juyowa da su. Ƙasar gini muna da ita, hannuwa muna da su. Abin da ba mu da shi azarar rufi, domin giginyar wajenmu an sare ta tun zamanin kakanni. Giginya tana wajen su Kawu.

Kawu wan mahaifiyata ne. Ƙauyensu yana bakin gulbi kamar namu, sai dai yana bayan iyaka, a ƙasar da ake kira Dahomi a lokacin, yanzu Benin. Iyakar nan wani ɗan ginshiƙin siminti ne a cikin ciyawa, awaki ke sosa jiki da shi. Da hantsi ake isa in an fita bayan asuba, a ƙafa ko a jirgi. Su Dendawa ne, suna jin Hausa muna jin Dendi, kasuwarmu ɗaya, aure kuwa ya cakuɗa mu har ba a iya tsincewa. Shinkafa suke nomawa a fadama, a bayan wata tsohuwar ganuwar ƙasa da ke tare musu gulbi in ya cika.

Na je na durƙusa gaban Kawu na faɗi abin da ya kawo ni. Ya saurare ni har na gama, ya sa aka kira magidanta, suka yi ta magana da Dendi ƙasa-ƙasa. Daga nan ya juyo.

"Ɗana, azara mun ba ku, kuma mu za mu kawo ta da kanmu, mu kwaɓa muku ƙasa. Ba mu son godiya. Ganuwarmu ta tsuhwa, akwai wurin da ta zabtare. Mu zo muku da rani, ku zo muna in gulbi ya taso. Ka iya ɗaukar wanga?"

Na ce na ɗauka. Babban ɗansa, taubashina, yana gefe yana gyaran komar kamun kifi. Tun muna yara ba mu taɓa haɗuwa bai tsokane ni ba. Ya ce, "Baba, wanga raggon tela za ka ba amana? Allura kaɗai ya iya ɗauka, ita ma sai ya huta." Na ce ai gara ni, shi warin kifi ya hana a ba shi mata a garinmu. Aka yi dariya, aka shafa fatiha.

Suka cika alkawari har suka wuce. Suka saro giginya, suka tsage ta, suka ɗaure azara a jikin jirage suka gangaro da ita. Duk ranar da muka sa aiki a ranin nan, kafin rana ta yi zafi sai mu hango su tafe a bakin gulbi. Taubashina yakan shiga ramin kwaɓi har gwiwa yana kirana in shigo in ba tsoron ɓata farce nake ba. Na shiga, ya shafa mini laka a gemu a gaban yarana.

A wajenmu gayya tana da dokarta, kuma kowane yaro ya san ta. Mai kira shi ke dafa abinci. Abincin nan kuma ba nasa ba ne, na waɗanda ya kira ne. Mai gida ba ya sa hannu a ciki, 'ya'yansa ba sa lasa, abin da ya rage ma a juye wa masu aikin su tafi da shi. Ni na tsare wannan doka da zafi. Na taɓa buge hannun wani saurayinmu da ya kai wa tsokar nama cafka a akushin mutanen Kawu, har ubansa ya zo rumfata yana faɗa, da ya ji dalili ya koma ya ƙara masa.

Ranar da aka ɗora azarar ƙarshe, Kawu ya tsaya a tsakiyar ɗakin ya ɗaga kai yana kallo. Ya tuna mana maganar ganuwa. Kafin in buɗe baki abokina ya riga ni. Ya dafa ƙirji ya ce, "Kawu, ko jirgi babu, da iyo za mu zo." Samari suka yi ihu. Na ji daɗi ƙwarai a ranar, har na ce a raina ban san abin da na yi wa Allah ya ba ni aboki irin wannan ba.

Damina ta zo da ƙarfi. Su Kawu suka riga mu samun 'yancinsu, da na yi wa Kawu barka ya ce an dai faɗa musu, amma gulbi bai ji labari ba. Namu ya matso, ko'ina maganar biki ake yi. Abokina ya fara yawan zuwa Illo, inda hukuma take, yana dawowa da labarin manyan da ya gaisa da su. Ya kawo mini yadi kore da fari in ɗinka ƙananan tutoci da yara za su riƙe, ya kawo nasa yadin na yi masa sabuwar taguwa. Na zauna na ɗinka su duka da murna.

Ana cikin haka taubashina ya iso rumfata da ƙullin goro. Wannan karon bai daɗe yana wasa ba. Ya ce ruwa ya fara lasar gindin ganuwa, Baba ya sa rana, washegarin kasuwar Lolo. Na tara yarana aka raba goron gayya. Wanda ya karɓi goron nan ya ci, ya ɗaure kansa ke nan, ba a sake tambayarsa. Babu wanda ya ƙi karɓa. Abokina ya ɗauki nasa ya ɓare a gaban kowa, sannan ya ja ni gefe ya ce in riga su tafiya tun ranar kasuwa, in duba wurin in tsara inda kowa zai tsaya, shi zai taso da samari da sassafe. Na ga shawara ce mai kyau, na yi masa godiya.

Abin da na tarar a can ya ɗaga mini hankali tun kafin komai ya faru. Lokacin nan ne da sabuwar shinkafa ba ta nuna ba, tsohuwa kuma ta ƙare a yawancin gidaje. Mata suka share gindin rumbuna, kowace ta kawo abin da ta ɓoye wa 'ya'yanta, aka haɗa aka surfa. Aka yanka awaki, har da wata mai ciki da ban so aka yanka ba. Masunta suka ba da kifin da suka yi niyyar kai wa kasuwa. Na ce wa matar Kawu abin ya yi yawa. Ta ce, "Samarin da za su ɗauki ƙasa tun sahe, da mi za su tsaya? Kai dai ka kawo muna su."

Da gari ya waye muka fita bakin ganuwa. Wurin da ya zabtare yana can ƙasa, ƙasar da za a cike shi da ita kuma sai an haƙo daga kan tudu, domin ta kusa duk ta zama taɓo. Yadda suke yi shi ne a jera mutane tun daga tudun har bakin ramin, kwando na bin hannu zuwa hannu, ba mai tafiya. Mazan ƙauyen suka jeru daga tudu, layinsu ya ƙare a tsakiyar hanya. Daga nan zuwa ganuwa wurinmu ne. Na bi na kafa 'yan tsinke inda masunta za su tsaya da inda manoma za su tsaya, ina ta yi wa taubashina alfahari cewa yau zai ga aiki.

Rana ta fito. Hayaƙi na tashi daga cikin gari, ƙanshin miya na iso mu. Na ce ai jirage ne, hawan ruwa da wuya. Rana ta ɗaga, na ce wataƙila ta ƙasa suka biyo, hanya ta yi laka. Kowa ya zuba wa gulbi ido. Sai can muka hango jirgi ɗaya tak, da mutum ɗaya a ciki yana fama da ruwa. Makaɗinmu ne, tsoho mai gangar noma, wanda ba mu taɓa fita aiki babu shi ba.

Na tare shi tun bai sauko ba. Na ce ina yara?

Ya ce, "Sun tahi Illo. Mota ta zo tun da asuba. Abokinka ya tsaya bakinta yac ce Kawu ya aiko an ɗaga gayya, kai kuma ka ce su tahi su koyi maci na bikin 'yanci. Anka raba musu singileti. Ni sunka ce ba a son gangar noma can." Ya sauke gangarsa a kan ciyawa, ya kalli layin mutanen da ke tsaye. "Ni dai na ci goro, shi as sa nit taho. Ashe ba a ɗaga ba."

Ban taɓa jin irin abin da na ji a ranar ba. Ba fushi ne ya fara zuwa ba, kunya ce, irin wadda ke sa mutum ya rasa inda zai ajiye idonsa. Da Hausa tsohon ya yi maganar, kuma kowa a wurin yana jin Hausa. Kawu ya kau da kai daga gare ni. Ya ce wa mutanensa a fara. Muka ware layin, kowa ya riƙa gudu da kwando zuwa na gabansa, mata suka bar murhu suka shigo, tsohon ya yi ta kiɗa har hannunsa ya kumbura. Na ɗauki ƙasa a ranar kamar zan kashe kaina. Amma kwando ɗaya kafin ya iso, ruwa ya cinye na gabansa. Da azahar ta yi kowa ya ga ba za ta yiwu ba.

Abinci yana jere a inuwa, masakai da akusa an rufe da faifai, tuwon shinkafa da miyar kifi da nama da fura. Yaran ƙauyen suna tsaye daga nesa suna kallo, ba wanda ya matso. Aka zuba wa makaɗi nasa, aka zuba mini nawa, na kasa kai loma. Na ce wa Kawu don Allah a ba yara da mata su ci, laifin namu ne, ba wanda zai ce sun karya doka. Ya kalle ni a karo na farko tun safe.

"Ba namu ba ne," in ji shi. "A sa a jirgi."

Na roƙe shi, na kama ƙafarsa. Ya ce a sa a jirgi. Haka aka kwashe abincin nan kaf aka jera a jirage, muka gangaro da shi garinmu. Ina zaune a tsakanin masakai, zafin tuwo na dukan ƙafata, taubashina na tuƙi a bayana, har muka iso bai ce mini raggo ba ko sau ɗaya.

Da la'asar sakaliya muka sauka. Kawu ya sa aka ɗauki abincin aka jera shi a ƙofar ɗakin shan magani, layi-layi, aka buɗe faifan. Mutanen gari suka fara taruwa. Ba a jima ba sai ga ƙarar mota, sai ga yarana cike da bayanta, fararen singileti a jikinsu, suna waƙa, kowa na kaɗa ƙaramar tuta. Tutocin da na ɗinka ne. Suka diro suna dariya, suka ga masakai, suka ga Kawu da laka har ƙugu, suka gan ni. Waƙar ta mutu a bakinsu.

Kawu ya yi musu sallama yadda ake yi wa manya. Ya ce, "Samari, ga abincinku. Don ku anka dahwa. Ba ku samu zuwa ba, munka ce kada shi lalace."

Wani daga cikin yaran masunta ya ce, "Ai an ce muna kun ɗaga." Ya juya yana neman abokina, sauran ma suka juya. Yana saukowa daga gaban mota, cikin taguwar da na yi masa. Ban san lokacin da na isa gare shi ba. Na ci kwalarsa na jijjiga, taguwar ta yage daga kafaɗa, ɗinkina ne, na san inda yake da rauni. Na ce ya faɗa a gaban jama'a wa ya aiko masa an ɗaga.

Bai ko ji kunya ba. Wannan ne abin da har yau ban haɗiye ba. Ya cire hannuna a hankali, ya yi magana da muryar nan tasa mai daɗi.

"Haba tela, yi hankali. An ce garin da yah hi kawo samari shi za a hwara turo ma malamin asibiti. Don gari niy yi. In na hwaɗa maka, ka yarda? Yanzu zamani ya sake. Su suna da gwamnatinsu, ta yi musu ganuwa. Mu ma mu ji da tamu ƙasa."

Kawu yana jinsa. Ya ɗaga kai ya dubi bakin azarar da ta leƙo daga saman bango, ya daɗe yana dubanta. Sannan ya ce, "Gaskiya ne, ƙasa ta zama biyu. Mu ne ba mu ji da wuri ba." Ya yi wa dattawanmu sallama ɗaya bayan ɗaya, ya kama hanyar bakin gulbi da mutanensa. Ko masakansu ba su tsaya karɓa ba.

Abincin nan ba wanda ya iya ci, ba kuma wanda ya iya zubarwa. Samari suka tsaya a kansa da tutoci a hannu har ƙudaje suka rufe shi. Wasu suka zame suka tafi gida. Waɗansu suka biyo ni rumfa, har da masu hawaye, suka ce a tafi gobe, za su zo da nasu guzurin. Washegari motar ta dawo ta kwashi mafi yawansu, domin iyaye sun ji maganar malamin asibiti kuma ba mai son a ce ɗansa ne ya hana gari. Na tafi da 'yan kaɗan da suka tsaya. Tun daga nesa muka ga ba fadama, sai ruwa shimfiɗe, kan shinkafa na leƙowa nan da can. Gulbi ya shiga ta daidai wurin da na kafa tsinkayena. Mutanen ƙauyen suna tsaye a kan tudu suna kallo, muka tsaya a bayansu, muka juyo ba tare da an tambaye mu abin da ya kawo mu ba.

A shekarar nan su Kawu bado suka ci, tsiron nan na cikin ruwa da ba a komawa gare shi sai da yunwa. Wasu gidaje suka sayar da shanun noma, wasu suka tashi gaba ɗaya suka yi yamma. Na auna hatsi na kai, matar Kawu ta karɓa ta yi mini godiya mai tsawo, irin wadda ake yi wa mutumin da ba a saba da shi ba.

Malamin asibiti ya zo, ba zan ɓoye ba, kuma ya ceci rayuka. Ranar buɗe ɗakin abokina ne ya yi jawabi, ya ce samarin garin nan ne suka gina shi da hannunsu, ba taimakon kowa. Yana faɗin haka a ƙarƙashin azarar. Ba a daɗe ba aka ba shi kujerar kansila. Ya aiko mini da yadi in yi masa rigar zaman majalisa, na mayar masa da shi a naɗe yadda ya zo. Na ajiye shugabancin ƙungiya. Aka ba wani, amma abin bai sake tashi ba. A raba goro, kowa ya karɓa ya ci, ranar aiki a ga mutum kaɗan. Yaran sun ga an ci goro an ƙi zuwa, an kuma sami kujera, to me za ka faɗa musu? Mun zauna gari ɗaya da mutumin nan har tsufa, muna haɗuwa a masallaci da wurin jana'iza. Yakan miƙo hannu in karɓa, domin ba na son a ce na ƙi musabaha. Ban yafe ba, ban kuma taɓa cewa na yafe ba.

Kawu bai taɓa tayar mini da maganar ba. Nakan je gaishe shi, ya tambayi mahaifiyata da yara, ya sa a kawo mini ruwa. Ya san ba ni na yi ƙaryar ba, kowa a ƙauyen ya sani. Amma ni ne na durƙusa na ce na ɗauka, a kan bakina suka share rumbunansu. Da ciwon ajali ya kama shi na je na ce a kawo shi ɗakin magani, ai da ƙarfinsa aka gina. Ya ce a bar shi, ba ya son ya ƙetare iyaka ya wahalar da mutanen wata ƙasa.

Da safe aka aiko mini ya cika. Na rufe keke na kama hanya a ƙafa, ban tsaya neman jirgi ba. Na wuce gidan kai tsaye zuwa maƙabarta, domin a can ɗan'uwa yake fara tsayawa. Na tarar an fara haƙa, maza na karɓeɓeniya, wannan ya gaji ya miƙa wa wancan. Ba a kiran kowa wannan aiki, duk wanda mamacin nasa ne shiga yake yi. Na tuɓe riga na rataye a reshe, na naɗe wando, na karɓi fartanya daga hannun wani yaro da bai san ni ba.

Ban kai ga sara ba na ji an riƙe ƙotar. Taubashina ne, idonsa jawur, ƙasa har gashin kansa. Na jira ya ce raggon tela, ina kai ina haƙa. Wallahi da ya faɗa da na rungume shi a wurin.

Ya ce, "Sannu da zuwa, Malam. An sha hanya."

Ya zare fartanyar daga hannuna a hankali ya miƙa wa na kusa da shi. Ya kira wani ya ce a kawo wa baƙo tabarma. Aka shimfiɗa mini ita a inuwar wata tsamiya, aka ajiye mini ruwa a kwanon sha mai murfi. A nan na zauna, ba riga, ina kallo har suka gama haƙa kabarin wan mahaifiyata.